Tukunyar Burkutu da Jakar Ɗan Fasa-ƙwauri

Duk wanda ya san ƙasar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Bakori da Ƙafur har ta kai Malumfashi ya san ƙasar dawa ce da masara da auduga. Ya kuma sani, ko da ba zai faɗa a gaban surukinsa ba, cewa ba dukan dawar da ake girbewa take ƙarewa a tukunyar tuwo ba. Wata takan hau babbar mota ta yi kudu, wata kuwa takan tsaya nan kusa a jiƙa ta, ta yi tsiro, a niƙa, a dafa, ta koma burkutu. Magana ce da mai ilimin boko yakan kauce mata in ya ɗauki alƙalami, amma adabin Hausa bai taɓa kauce mata ba. Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙa sukutum yana zayyana ɓarnar giya, Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda ya yi zamansa a Funtuwa shekara da shekaru, ya rera wa mashaya waƙarsa ta "A Sha Ruwa", aka kuma saurare ta a gidajen da ba a taɓa shiga da kwalba ba. Al'ummar da ta haddace waɗannan waƙoƙi biyu ta san abin da ke cikinta sarai.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba ya bukatar ɗalibi ya ƙara masa gishiri, ɓarnarta ga hanta da aljihu da zaman aure kuwa likita da alƙali sun isa shaida. Abin da ya rage a tattauna shi ne, in hukuma ta tashi hana abu, a ina ya kamata ta ɗora sandarta? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a wannan yanki an daɗe ana barin jaki ana dukan taiki. Tukunyar tsohuwa mai burkutu ita ce mafi sauƙin fasawa, ita ce kuma mafi ƙarancin haɗari cikin abubuwan da ke gusar da hankalin matasa a yau. Wanda ya cancanci a bi sawunsa shi ne mai jakar da ba ta wari, ba ta nauyi, ba ta kuma lalacewa. Babu ƙasar da ta koyi wannan darasi da tsada kamar Amurka, saboda haka ya kyautu a fara leƙa ta.

Tun kafin a yi zancen hani, manoman tsaunukan gabashin Amurka suna da sana'ar mayar da hatsi barasa, kuma wahalar hanya ce ta fara kai su. Manomi yana bayan duwatsu, ba titi ba jirgi, in ya ɗora wa doki hatsi, kafin ya kai kasuwa kuɗin ɗauko ya cinye ribar. In kuwa ya dafa ya tace, doki ɗaya sai ya ɗauki abin da dawaki da yawa za su ɗauka, ga shi ba ruɓewa, ba ƙwaro. A shekarar 1791 gwamnatin tarayya, bisa shawarar ma'ajinta Alexander Hamilton, ta ɗora haraji a kan barasa don ta biya bashin yaƙin neman 'yanci. Manoman yammacin Fensilbaniya suka ƙi biya, suka fatattaki masu karɓar haraji, har a 1794 Shugaba George Washington ya tara dakaru wajen 13,000 don ya ladabtar da su. An soke harajin daga baya, aka kuma maido da shi a 1862 lokacin yaƙin basasarsu. Daga nan dafa barasa a ɓoye ya zama gado a tsaunukan Afalashiya, ana yi da dare a bakin rafi don kada mai haraji ya hango hayaƙi. Shi ya sa suke kiran wannan barasa munshayin, watau hasken farin wata.

Ɗalibin harshe ba zai wuce nan bai ɗan tsaya ba. Bahaushe ya kira mai satar hanya da kaya ɗan fasa-ƙwauri, ga alama saboda mai tafiyar dare a bayan hanya ba ya rasa tuntuɓe da kututture. Amurkawa kuwa sunan da suke kiran mai safarar barasa ya samo asali ne daga ɓoye kwalba a wuyan dogon takalmi, watau daidai ƙwaurin. Harsuna biyu da ba su haɗa komai ba sun haɗu a ƙafa ɗaya.

A ranar 17 ga Janairu, 1920, gyara na 18 ga tsarin mulkin Amurka ya fara aiki, aka hana dafa giya da sayar da ita da safararta a ƙasar baki ɗaya. Ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, dokar ba ta hana sha ba, ba ta kuma hana mutum ajiye abin da ya saya kafin ranar ba, saboda haka attajirai suka cika ɗakunan ajiyarsu tun da wuri, talaka mai sayen kofi ɗaya shi aka bari da doka. Na biyu, gwamnati ba ta iya yin wannan ƙuru ba sai da ta sami wata hanyar kuɗi, domin kafin a halatta harajin kuɗin shiga a 1913, harajin giya shi ne kaso mai tsoka na abin da take samu.

Abin da ya biyo baya ya kamata kowane mai tsara doka ya haddace shi. Giya mai sauƙi, wadda yawancinta ruwa ne, ta yi wuyar ɓoyewa, sai barasa mai ƙarfi ta maye gurbinta, domin ɗan fasa-ƙwauri ba ya son kaya mai nauyi maras tsada. Ganga ɗaya ta barasa ta fi ganga da yawa na giya riba, haɗarin kamun kuwa ɗaya ne. Sai ga kwale-kwale suna tsallako kogin Ditiroyit daga Kanada, ga jiragen ruwa sun yi sahu a teku daura da birnin New York, bayan iyakar ruwan Amurka, ƙananan jirage suna zuwa da dare suna kwasa. Masu munshayin na tsaunuka suka sami kasuwar da kakanninsu ba su taɓa mafarki ba. Samarinsu suka koyi gyaran injin mota don su tsere wa 'yan sanda a kan karkatattun hanyoyi, har wasu daga cikinsu suka zama zakarun tseren motoci bayan an kafa ƙungiyar NASCAR a 1948.

Sa'an nan ga guba. Da masu laifi suka shiga satar barasar masana'antu suna tacewa suna sayarwa, gwamnati ta ba da umarni a ƙara mata guba a wajejen 1926 da 1927, da tunanin tsoro zai hana mutane sha. Tsoron bai hana ba, mutane suka yi ta mutuwa. A 1930 wani tsimin citta da talakawa ke saye a kantin magani don maye ya zo da gurɓataccen sinadari, ya shanye ƙafafun dubban mutane. Masu dafawa a daji kuma wasu suka riƙa amfani da tsohuwar lagiretar mota wajen sanyaya tururi, dalma ta narke cikin abin sha. Ta fuskar hukuma kuwa, daga 1920 zuwa 1931 an kori wajen ɗaya cikin goma sha biyu na jami'an hanin saboda cin hanci da makamantansa, waɗannan kuwa su ne waɗanda asirinsu ya tonu. Al Capone na Shikago, wanda sunansa ya zama karin magana, da aka tashi ɗaure shi a 1931 ba a kan giya ko kisa aka same shi ba, a kan ƙin biyan haraji ne.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Dokar ta rage sha. Masana tattalin arziki sun ƙiyasta cewa a farkon hanin abin da ake sha ya faɗo zuwa wajen kashi 30 cikin ɗari na yadda yake a da, sa'an nan ya farfaɗo zuwa kashi 60 ko 70. Mutuwa ta ciwon hanta ta ragu. Saboda haka mai cewa hani ba ya aikin komai bai karanta tarihin ba. Amma da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, gwamnati tana neman haraji, jama'a sun gaji da harbe-harbe, sai aka soke dokar ranar 5 ga Disamba, 1933, aka bar kowace jiha da zaɓinta. Jihar Misisifi ta riƙe nata hanin har 1966.

Mai karatu zai ce ina ruwan Ɗandume da Shikago? Ruwan kuwa akwai shi, domin ƙasar Hausa ta riga Amurka shiga dokar hani ta Turawa. Yarjejeniyar Barasal ta 1890 ta wajabta wa ƙasashen Turai su hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, da Lugga ya kafa mulkinsa a Arewa a 1900 kuwa sai ya ayyana ta a matsayin yankin hani. Bature da baƙo ɗan kudu suna iya samun izni su sha, ɗan ƙasa kuwa babu. A lokaci guda jiragen ruwa suna sauke akwatunan barasar Holan da Jamus a Ikko da garuruwan bakin teku, kuɗin fitonta shi ne ginshiƙin baitulmalin Kudu. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne a tallafi Arewa da rarar Kudu. Watau yankin da aka tsare daga kwalba an riƙa gudanar da shi, a wani gefe, da kuɗin kwalbar.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda kuwa aka kammala shi a ƙarshen shekarun 1920. Dogo ya kwashi auduga da gyaɗa ya yi kudu da su, ya kuma dawo da ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa, tare da abin da suka saba sha. Masana tarihi irin su Ayodeji Olukoju da Simon Heap sun bi takardun wancan zamani sun nuna yadda barasa ta riƙa tsallake iyakar hani ta jirgin ƙasa da kogi da kan 'yan dako, da yadda su kansu jami'an Turawa suka riƙa shakkar amfanin dokar. Sai da ɗan gari akan ci gari, ko a wancan lokaci.

Akwai kuma igiyar da ta ɗaure labarin nan biyu kai tsaye. Kafin wajejen 1930 mutanen Nijeriya sun san bammi da burkutu da fito, amma tace barasa ta hanyar tururi ba sananniyar sana'a ba ce. Da farashin manja ya faɗi saboda karyewar tattalin arzikin nan da ya girgiza Amurka, aka kuma tsananta fiton barasar Turai, sai ga wata sabuwar barasa ta gida ta bazu a kudu kamar wutar daji. Jami'an mulkin mallaka sun danganta farkonta ga wani mutumin Kalaba mai suna James Iso, wanda aka ce ya zauna a Amurka a zamanin hani ya koyo dabarar, ya dawo yana koyar da ita da kuɗi. Ita ce ogogoro. In wannan labari ya tabbata yadda suka rubuta shi, to ogogoron da ake ɗurawa a jarka a yo Arewa da ita jikar munshayin ce, haihuwar doka biyu, ɗaya a Washinton ɗaya a Ikko.

A nan ya wajaba a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da baki ya saba haɗawa da sunan giya. Burkutu abu ne na tsimi. Akan jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama a dafa, a bari ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, sa'an nan a zuba mata ɗan tsohon tsimi ta tashi. Aikin kusan mako guda ne, ga cin itace da ruwa, ga hayaƙi da warin da ba su ɓoyuwa. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari ba, kuma cikin 'yan kwanaki takan lalace, shi ya sa ba a fataucinta zuwa nesa. Ogogoro kuwa sai an dafa tsimin an kama tururinsa a bututu an sanyaya, domin sinadarin maye yana tashi a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba. Abin da ke ɗiga ya ninka burkutu ƙarfi sau da yawa, yana shekara bai lalace ba, kuma mai son riba yana iya gauraya shi da metanol na masana'antu ba wanda zai gane da ido ko da harshe. Metanol in ya shiga jiki yakan fara da makanta ya ƙare da kabari. A watan Afrilu na 2015 ya kashe mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo, bayan 'yan makonni ya kashe wasu gommai a Jihar Ribas, har hukumar NAFDAC ta hana shan ogogoro a faɗin ƙasa.

Burkutun wannan yanki kuwa tana da masu ita. Maguzawan Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara Hausawa ne tsantsa, manoma ne da aka sallama musu, giya kuma tana cikin gayyarsu da aurensu da bukukuwan gargajiyarsu, sana'a ce ta mata wadda suke tara abin kansu da ita. A zamanin Daular Usmaniyya an karɓi jiziya daga Maguzawa aka bar su da al'adunsu, malaman da suka kafa daular kuwa ba wanda zai ce ba su san hukuncin giya ba. Farfesa Murray Last ya zauna a cikinsu kusa da Malumfashi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, rubuce-rubucensa suna nan ga mai son ya san yadda gidajensu suke. Daga wancan lokaci zuwa yau da yawansu sun musulunta, wasu sun shiga addinin Kirista, majami'u irin su ECWA kuwa su ma suna hana mabiyansu giya. Tukwane da yawa sun kife a ƙauyukan nan ba tare da dogari ko ɗan doka ya taka ƙofar gidan ba. Wa'azi da makaranta da auratayya su suka yi aikin, wannan kuwa hujja ce da ta fi kowane samame ƙarfi.

Wanda zai musa zai ce, kuma da gaskiyarsa, Amurka daban Katsina daban. Can rabin al'umma ne suka ɗora wa ɗaya rabin dokar da bai yarda da ita ba, nan kuwa mafi yawan jama'a sun yi imani da haramcin tun kafin a rubuta shi, ko mashayin ma ba ya musun cewa saɓo yake yi. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya, Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000 zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, an kuma kafa hukumar Hisba ta jiha a 2023. Doka da ta dace da zuciyar jama'a ta fi dokar da aka ɗora musu daɗewa, ba shakka. Amma wannan bambanci bai taɓa ɗabi'ar ɗan fasa-ƙwauri ba. Shi ko a Ditiroyit ko a Jibiya lissafinsa ɗaya ne: wane kaya ne ya fi ƙanƙanta, ya fi tsada, ya fi wuyar ganewa?

Amsar wannan tambaya a yau ƙwaya ce. Matashin da ke jin kunyar a ji warin burkutu a bakinsa ba ya jin kunyar kwalbar maganin tari a aljihu, har yakan yaudari kansa cewa magani ne ba giya ba, alhali malamai sun daɗe suna karantar da cewa duk abin da ke sa maye hukuncinsa ɗaya. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC ya fallasa yadda ake karkatar da shi daga kamfanoni zuwa hannun matasa. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wadda aka fitar a farkon 2019, ta nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, wajen miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Ba za a ce hana giya ne kaɗai ya haifi wannan ba, domin ƙididdigar ta nuna Kudu maso Yamma, inda giya take a fili, ta fi kowane yanki. Amma ba za a kuma ce an ci nasara ba, in an kife randa a bayan gari alhali tiramadol da roci da sholisho da tabar wiwi suna yawo a tasha da bakin kasuwa. An gudu gara an tarar da zago.

Haɗarin ma ya wuce lafiyar mai sha. Manomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume ya san cewa waɗanda suka hana shi zuwa gona ba su cika fitowa da hankalinsu garau ba, jami'an tsaro kuma sun sha kama masu kai musu ƙwaya da man fetur cikin daji. Wannan kaya ba a tukunyar wata tsohuwa ake dafa shi ba. Daga masana'antu yake fitowa, wani daga ƙetaren teku, ya sauka a tashar jiragen ruwa ko ya tsallako iyaka, ya wuce shingaye barkatai kafin ya iso Funtuwa. A kowane shinge akwai mai ido. Mutanen Katsina sun ga abin da ya faru da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020: shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, tsada ta yi, masu babura suka koyi hanyoyin daji tsakanin Maraɗi da Jibiya, talaka ya biya kuɗin ƙwaurin da aka fasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ba a ƙauye ya tsage ba.

A Kano Hisba ta sa an murƙushe kwalaben giya 240,000 a watan Nuwamba na 2013, ta kuma lalata kusan miliyan 4 a watan Fabrairu na 2022. Wannan aƙalla duka ne a kan jakin, tun da manyan motoci aka tare. Amma ko a nan akwai abin da ke sa mai tunani ya sunkuyar da kai. Harajin VAT da ake karɓa a kan giya yana shiga asusu ɗaya a raba wa jihohi duka, har da masu Shari'a, abin da Gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya yi ta gori a kansa a 2021. Tarihin 1914 ne ya sake dawowa da sabuwar riga. Daɗin daɗawa, tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka koma ga dawa da masara, irin dawar nan gajerar kaura da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar ta zama abin nemansu. Wani kaso na dawar Arewa yana tafiya can, ya koma lemon malti ko giya, dillalin da ya auna ta kuwa ba ya tambayar direba inda za shi. Ba a kawo wannan don a zargi manomi ba, shi hatsi ya sayar. An kawo shi ne don a ga yadda dawa ɗaya take zama laifi in ta shiga randar matalauciya, ta zama ciniki in ta shiga tirela.

To, me ya kamata? Abu na farko shi ne ƙarfin hukuma, wanda ba shi da yawa, ya tafi inda gubar take: dillalan ƙwaya, da kantunan maganin da ke sayarwa ba takardar likita, da masu ɗura barasa a jarka da leda, da jami'in da ya ɗaga musu shinge. Amurka ta kama Capone ne ta hanyar bin kuɗinsa, wannan dabara kuwa ba ta tsufa ba. Wanda ya gina bene cikin shekara biyu ba gona ba shago ya fi mai ƙwarya a hannu cancantar tambaya. Wanda ba Musulmi ba kuma, Bamaguje ne ko Kirista, a bar shi da abin da Shari'ar da kanta ta bar masa, da sharaɗin kada ya sayar wa Musulmi ko yaro, kada ya gauraya, kada ya kafa rumfa a bakin makaranta. In an tura shi ɓuya, rumfar za ta koma inda ba mai ganinta, can kuwa ake haɗa burkutu da ƙwaya.

Mai dafawar da take son ta bari, ita ma akwai abin yi da ita. Macen da ta iya tsirar da dawa ta iya rabin aikin malti da kunun zaƙi, jari take nema da kasuwa. A fasa mata tukunya a tafi, bayan mako biyu za ta sayi wata, da bashi, domin bakunan da take ciyarwa ba su ragu ba. Shi kuwa wanda maye ya riga ya kama, bulala tana sauke masa haddi amma ba ta cire masa ƙishirwar. Yankin da ya tara jama'a kamar na Funtuwa da Malumfashi ya cancanci wuraren jinyar masu shaye-shaye na hukuma, masu likita da magani da koyar da sana'a, don kada iyaye su rasa wurin kai 'ya'yansu sai gidan mari, wanda abin da aka gano a wasu irinsa a Kaduna da Daura da Katsina a 2019 ya isa tsoratarwa.

Malaman tafsiri suna karantar da cewa haramcin giya bai sauka a rana ɗaya ba. An fara da bayyana cewa cutarta ta rinjayi amfaninta, a Suratul Baƙara, sa'an nan aka hana kusantar salla cikin maye, a Suratun Nisa'i, kana aka yanke hukunci a Suratul Ma'ida. An kuma ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane ba su bari ba. Hukuncin ya riga ya tabbata, ba mai mayar da shi baya, amma tarbiyyar da ta gabace shi tana nan a matsayin darasi ga mai hulɗa da mutane. Majalisar Amurka ta 1919 ba ta da wannan darasi a gabanta, masu mulkin Katsina kuwa suna da shi.

Akwai kuma wani aiki da ya rataya a wuyan Sashen Hausa musamman. Sana'ar burkutu tana da kalmominta na kowane mataki, da sunayen tukwane da ƙoren awo, da waƙoƙin gayya da na niƙa, da kirarin mashaya da habaicin da mata ke yi musu. Ƙamusun Bargery ya fito tun 1934, ba kuwa kowace kalmar ƙauye ce ta kai kunnensa ba. Ɗalibai sukan guji wannan fage don kada a ce suna yabon haram, alhali mai rubuta sunan cuta ba shi ya kawo ta ba. Masu riƙe da kalmomin tsofaffin mata ne a ƙauyukan Ƙafur da Malumfashi da Ƙanƙara, jikokinsu sun shiga makaranta sun bar sana'ar, rashin tsaro kuma yana tarwatsa gidajen da suka rage. Ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa yana iya hawa mota a Funtuwa da hantsi, kafin azahar yana zaune a gaban ɗaya daga cikinsu da littafi da alƙalami.